Mai Sanda da Mai Gudu

Gari bai gama wayewa ba Musaddiƙ ya fara ganinta, a hanyar da ta zagaya bayan duwatsun Kazaure. Tana dogara sanda tana jan ƙafar hagu, kakarta na biye da ita da carbi a hannu.

Shi baƙo ne, koyarwa ce ta kawo shi daga Babura. Ɗaki ɗaya, ba aboki, ba mai ce masa sannu da dawowa. Gudun asubar ma kaɗaici ne ya koya masa, sai ya fake da rage tumbi.

Ita kuwa Ummukulthum hatsarin babur ne ya karya ta. Likita ya ce ta riƙa tattaki kullum, ta zaɓi asuba don gudun idon mutane. Saura kaɗan bikinta abin ya faru. Halliru, wanda za ta aura, ya zo asibiti ya kalli ƙafar, daga ranar ko muryarsa ba ta ƙara ji ba.

Tsayawa hira da budurwa da duku-duku ba tarbiyya ba ce. Sai bawan Allah ya ɓullo da dabara: ya wuce su a guje, ya juyo, ya sake wucewa, kowace wucewa da 'yar maganarta.

"Ina kwana, Hajja."

Can ya dawo yana haki. "Sannu da ƙoƙari, jikar Hajja."

"Kai ɗan nan, jiri kake sa ni!" in ji Hajja Kaka wata safiya. "In magana ke gare ka, gidanmu yana da ƙofa."

Ya je ya gaida manya, aka yi masa izini. Daga nan saƙonnin waya suka fara.

"Ummuna, mene ne burinki a tafiyar nan?"

"In kai gindin tsamiyar can ba sanda. Naka fa, Malam?"

"In daina gudu ni kaɗai."

Ta kife wayar a ƙirji. Daɗi ta ji, amma tsoro ya fi yawa.

Ran nan sai ga saƙo: "Na tafi gida, ki sa mu a addu'a." Daga shi shiru. Labari ya iso cewa mahaifiyarsa, Inna Dela, ta ce ba za a kawo mata suruka mai sanda ba. Ummukulthum ba ta fasa fita ba, sai dai hanyar ta yi mata tsawo, ko takun wani ta ji a baya sai ta waiwaya ko shi ne.

"Haka wancan ma ya fara, Hajja," ta ce, hawaye na zuba. "Na gaji da a bar ni."

Wata asuba ta tarar da Musaddiƙ tsaye a bakin hanya, da wata dattijuwa cikin babban mayafi. Ashe Inna Dela ce.

"Ke ce Ummukulthum? Yaron nan ya hana ni sakat. Na ce sai na gani da idona. Mu je."

Suka taka tare, ƙafar na rawa. Ummukulthum ta tsaya, ta sunkuyar da kai.

"Inna, kada a rufe ki. Likita ya ce wataƙila ni da sandar nan har abada. Gara ki sani yau, tun ban saba da ku ba."

Musaddiƙ ya runtse ido. Inna Dela ta kama hannunta.

"Wadda ta gaya min wannan da bakinta ba za ta cuci ɗana ba. A kawo min ke da sandarki."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Ranar kai amarya Inna Dela ta ajiye kunyar ɗan fari, ta fito ƙofar gida da kanta ta tarbe ta.

"Taka a hankali, 'yata, mai jiranki ba zai gaji ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."