Ƙofar Fasinja

"Waccan nake so."

Dillalin ya bi yatsana da kallo, ya tsallake jerin motoci masu sheƙi har can ƙarshen fili, inda aka jingine ta kusa da tulin tsofaffin tayoyi. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya sake duban motar.

"Hajiya, waccan? Haba dai! Ai ta kusa sa'arki..."

"Ba ni makullin."

Ya miƙo min shi.

Ƙarama ce, koriya, rana ta cinye rabin koren. Bayanta guntu kamar an datse da wuƙa, murfin but ɗinta da gilashin baya a haɗe suke, ɗaga su ake sama. Lotsawar nan tana nan kusa da fitilar hagu. Ni na yi ta, ranar da aka fara koya min ribas.

Kunkuru ce, sunan da muke kiranta ke nan. Ko cikin motoci dubu aka ɓoye ta zan gane ta.

"Sai fa an yi mata dabara take tashi," in ji dillalin. "Bari in nuna miki..."

Ban saurare shi ba. Na zauna, na taka totur sau biyu, na ɗan jira, na murɗa makulli ina bubbuga sitiyari da tafin hannu. Ta yi tari, ta girgiza, ta tashi.

Ya saki baki. "Au! Ashe kun san juna."

"Wa ya kawo ta?"

"Wani malamin makaranta, watan jiya. Har ya kai bakin get ya dawo ya shafa bonet ɗinta, kai ka ce 'yarsa ya kawo."

Na kifa kaina a kan sitiyari, don kada ya ga hawayena.

Shekara huɗu ke nan da na fara shiga motar nan. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, na tashi daga aiki a ɗakin magani na asibiti, ga babu abin hawa. Yayana ya ce zai turo abokinsa, wani malamin lissafi. Ina zuba ido in ga mota, sai ga wata aba ta tsaya tana numfarfashi.

Da muka iso ƙofar gida na ja hannun ƙofa. Shiru. Na sake ja. Shiru.

"Yi haƙuri, ba ta buɗewa ta ciki," ya ce, kunya ta kama shi. "Bari in zagayo."

Ya fita cikin ruwan, ya zagayo, ya buɗe, har da ɗan rusunawa.

"Mun iso, Fasinjata."

Dariya ta ƙwace min. "Na gode, Direbana."

Shi ke nan sunayen suka bi mu.

Shekara biyu yana zagayowa. Ko rana ake ko iska, ko muna shiri ko muna faɗa, sai ya kashe mota, ya ja birkin hannu, ya bi ta gaban bonet yana kallona ta gilashi. Na daina ma kai hannu wajen ƙofar. In mun tsaya sai in gyara mayafi in jira, kamar wata matar gwamna.

Shi ya koya min tuƙi a cikinta. Giya ta biyu sai an lallaɓa. In za a hau tudu a kashe fanka, a kashe rediyo, a yi addu'a. Galan ɗin ruwa ba ya rabuwa da bayanta saboda lagireto. In na yi mata tsaki sai ya ce, "Kul! Tana ji fa. Kunkuru ba ta sauri, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba."

Ina son sa. Wallahi ina son sa, gara in faɗa tun yanzu, don abin da na yi daga baya bai yi kama da na mai so ba.

Umma ba ta da matsala da shi. Goggo ce, yayar Babanmu, wadda in ta yi magana a gidanmu ko ƙuda ba ya gittawa. In ta ji ƙarar salansa daga nesa sai ta taɓe baki.

"Ga mai injin markaɗe nan ya iso! Ke yanzu duk karatunki da kyanki, a cikin wannan gwangwanin za ki ƙare?"

"Goggo, mutumin kirki ne..."

"Kirki ake hawa a je unguwa? Ki dubi sa'o'inki mana!"

Sai kuma ƙawata ta wurin aiki, wadda kowa ke kira Kwalisa saboda ko shara za ta zubar sai ta shafa hoda. Kullum tana manne da ni, kullum da tambaya. Yana kiranki sau nawa? Da gaske shi yake buɗe miki ƙofa? Ni kuwa sakarya sai in zage in ba ta labari, ita kuma ta rufe da, "Allah sarki, ƙawata, kina haƙuri."

Ranar bikin wata abokiyar aikinmu abin ya faru. Na ci ado, leshi sabo, takalmi mai tsini. Muna isa bakin get ɗin ɗakin taro, manyan motoci a gabanmu da bayanmu, Kunkuru ta yi shiru.

Ya taka totur, ya murɗa. Ƙas... ƙas... Batir ya ƙi.

Direbobi suna ta danna oda ta ko'ina. Maigadi yana ɗaga hannu yana, "Malam, kawar mana da ita!"

"Fasinjata, dawo nan ki riƙe sitiyari, in tura. In na ce saki, ki saki kuloci."

Na tsallaka kujerar direba ina jan zani, ɗankwalina ya saƙale a madubi ya zame. Shi kuma yana baya da sabuwar riga yana turi, gumi na zuba, yana ihu, "Saki! Saki!"

Ta tashi kuwa. Har dariya yake.

Ni ban yi ba, don na hango Kwalisa a gefe, wayarta a sama.

Kafin la'asar hoton ya zaga duk wayoyin asibiti, an sa masa kiɗa, an rubuta "Amarya da angonta a jirgin sama". Har wayar Goggo ya je, kuma har yau ban san wanda ya ba Kwalisa lambarta ba.

Washegari da rana ya kawo ni gida. Ya kashe mota, ya kai hannu zai buɗe ƙofarsa.

"Tsaya," na ce. "Na gaji."

"Da me, Fasinjata?"

"Kar ka ƙara ce min Fasinja! Na gaji da zama abin dariya! Na gaji da turi, na gaji da galan, na gaji da warin fetur a kayana!"

"Ina tara kuɗin ɗaki ne, kin sani. In muka tare, mota ai..."

"Shekara biyu! Shekara biyu ko ƙofa ɗaya ka kasa gyarawa, ni za ka iya riƙewa?"

Ya daɗe yana kallon sitiyari. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Buɗe min in fita."

"In da gaske kina son fita," ya ce a hankali, "ba sai na zagayo ba."

Raina ya ƙara ɓaci. Na ɗauka baƙar magana ce, wato in fita ta taga, ko in sake tsallake giya kamar jiya.

"Ni za ka yi wa rashin mutunci? Ka buɗe min na ce!"

Ya fita. Ya bi ta gaban bonet, wannan karon bai kalle ni ba. Ya buɗe, ya tsaya riƙe da ƙofar.

"Mun iso," ya ce.

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban waiwaya ba.

Ya kira, ban ɗauka ba. Ya aiko Yaya, na ce kar a dame ni. Goggo ta yi ta sa min albarka. Bayan wata biyu na ji labarin Kwalisa tana sintiri makarantarsu da kular abinci, wai ta je ba shi haƙuri a madadina. Ya karɓa ya ba maigadi, ya ce ta gaida gida. Ranar na gane komai, amma girman kai ya riƙe min ƙafa. Na ce shi ya kamata ya sake nema.

Masu manyan motoci sun zo, ba ƙarya. Na shiga mai sanyi, na shiga mai ƙamshi. Ɗaya yana waya tun daga gida har inda za mu. Wani in mun tsaya sai ya danna wani abu, ƙofa ta yi ƙit, ya ce, "Sauka mana, ina sauri." Babu wanda na iya kaiwa wata uku da shi.

Shekara biyu ina haka, sai na ce bari in sayi tawa in huta da jiran mutane. Abin da ya kai ni filin dillalai ke nan.

Ko tayi ban tsaya yi sosai ba, na biya. Da na shigo layinmu Goggo tana tsakar gida, ta ji salansa ta miƙe tsaye.

"Innalillahi! Ya dawo?"

"Ni ce, Goggo. Tawa ce."

"Ke kam an yi miki asiri da gwangwanin nan!"

Umma ta leƙo ta dubi motar, ta dube ni, ta koma ɗaki.

Kwana uku ina tuƙa ta, ina lallaɓa giya ta biyu, ina kashe fanka a tudu. A rana ta huɗu na kai ta garejin tsohon bakanikensa, wani dattijo mai furfura da baƙin mai har gwiwar hannu. Yana ganinmu ya washe baki.

"Kunkuru! A'a, da Fasinja ma? Ikon Allah!"

"Baba, a duba min ita gaba ɗaya. A fara da ƙofar can, a gyara ta ta riƙa buɗewa ta ciki."

"Wace ƙofa?"

"Ta fasinja."

Ya goge hannu da tsumma, ya zura shi ta taga, ya ja hannun ƙofar da yatsa ɗaya.

Ta buɗe.

"'Yata, ai ni na gyara ta da hannuna. Wani ɗan ƙarfe ne ya zame, ko minti goma bai ci ba. Tun satin da ya fara ɗauko ki ya kawo ta, ya ce kunya ta ishe shi."

"Tun... satin farko?"

"Ƙwarai. Bayan nan na tambaye shi, Malam, ya na ga har yanzu kana zagayawa? Ya ce, Baba, rufa min asiri. Ta daina taɓa hannun, ni kuma 'yan takun nan da nake yi ina kallonta ta gilashi sun fi min komai daɗi a yini." Ya yi dariya, sannan ya ga fuskata ya daina. "Au... ba ki sani ba?"

Na zauna a kan wata taya.

Ba sai na zagayo ba.

Ashe gaskiya ya faɗa min. Ashe amsar zagin da na yi masa tana nan kusa da gwiwata, in miƙa hannu kawai. Da na ja, da ta buɗe, da na tambaye shi dalili, da ya faɗa... Na san kaina, da ban fita ba.

Ban jira an duba komai ba. Na ja Kunkuru sai makarantarsu, ina ba ta wuta tana kuka, ina ce mata, "Yi haƙuri, yau kaɗai ki yi sauri."

An tashi ke nan, ɗalibai suna fitowa. Na tsaya ƙarƙashin bishiyar da ya saba ajiye ta. Can na hango shi da littattafai a hannu, ya ɗan yi ƙiba, ya fara sa tabarau.

Ƙarar ya fara ji. Ya tsaya cak.

Ya taho a hankali, kuma wallahi ƙafarsa ba ta kawo shi wajena ba. Ta gaban bonet ya bi, ya nufi ƙofar fasinja, har ya miƙa hannu. Sai ya ga kujerar babu kowa. Ya janye hannun ya sa a aljihu.

Na sauke gilashi. "Direbana..."

"Ke kika saye ta?"

"Na je wurin Baba bakanike. Ya faɗa min." Kuka ya ci ƙarfina. "Me ya sa ba ka ce min an gyara ba? Me ya sa ka bar ni na zage ka a kan abin da ka riga ka yi?"

"Na so in faɗa. Sai na ga in dai ƙofa ce kawai ke riƙe da ke, bai kamata in tsare ki ba."

"Ka yafe min. Don Allah. Na yi wauta, na biye wa mutane... Ka shigo mu tafi, ko'ina ne. In ta mutu ni zan tura!"

Ya yi murmushi, irin wanda ya fi kuka ciwo.

"Na yafe miki tun ranar. Na jira ki, Allah ya sani. Shekara ɗaya da rabi ban bar kowa ya zauna a kujerar nan ba." Ya sunkuyar da kai. "Watan jiya aka ɗaura min aure. Malama ce a nan. Mutuniyar kirki ce, ba ta cancanci ta zauna a inda nake ganin wata ba. Shi ya sa na sayar."

Na share hawaye da gefen mayafi.

"Ki riƙa duba mata ruwa kowace safiya," ya ce. "Giya ta biyu kuma..."

"Sai an lallaɓa."

"Sai an lallaɓa." Ya shafa bonet sau ɗaya. "Allah ya kiyaye hanya."

Ya juya. Wata mata mai shuɗin mayafi tana jiransa a bakin get, ya karɓi jakarta, suka tafi a ƙafa.

Na kai kaina gida, ban san ta yaya ba. A ƙofar gida na kashe mota, na ja birkin hannu. Maimakon in fita, sai na tattare zani na tsallake giya, na koma kujerata ta da. Na gyara mayafi, na zuba wa gaban bonet ido.

Na daɗe a haka, har Umma ta leƙo ta koma.

Sannan na miƙa hannu na ja.

Ko ƙara ba ta yi ba, ta buɗe.