Kaset Goma Sha Bakwai

Wata Asabar ce, ana yayyafi, Shafa'atu ta shiga kasuwar Deptford da ke London rungume da laftof ɗinta kamar mai kai jariri asibiti. Shayi ne ya zube a kan laftof ɗin, ga aikin digirinta na biyu duk a ciki. Ƙawarta ce ta yi mata kwatancen wani ɗan shagon gyara, tsakanin mai sayar da doya da mai aski.

Saurayin da ke ciki ya ɗago daga wata kwamfuta da ya farke. Dogo ne, baƙi, tabarau ya zamo masa har kan hanci. Ta gaishe shi da Turanci, sai wayarta ta yi ƙara, ta ɗaga ta ce, "Abba, na iso lafiya."

Ya yi murmushi. "Ashe namu ne. Ka zauna, ka zauna."

"Ka?" ta ce, tana danne dariya.

"Hausar zangon Kumasi ke nan, a yi haƙuri da mu. Sunana Fawaz."

Yana kwance kusoshin laftof ɗin tana ba shi labarin yadda ƙawayenta masu Mac suke yi mata tsiya, wai har yanzu tana fama da Windows kamar ma'aikaciyar ƙaramar hukuma.

"Kowa da gidansa," in ji shi. "Mac flat ne mai kyau, an gyara komai, amma mai gidan bai yarda a buga ƙusa ba. Windows gidan unguwa ne, duk baƙon da ya zo zai gane hanyar bayi. Ni Linux nake so. Fili ne kyauta, mutum ya gina abin da ya ga dama."

"Wato ni da ban iya riƙe guduma ba, a fili zan kwana."

Dariyar da ya yi ce ta fara shiga ranta, kafin komai.

Ya nuna mata tsofaffin laftof da ya jera a kanta. Mutane ne suke ba shi waɗanda suka gaji da su, shi kuma ya goge komai na ciki tas don kada sirrin wani ya faɗa hannun wani, ya sa musu Linux su farfaɗo, ya aika makarantar da ya yi a Kumasi.

Bayan kwana uku saƙonsa ya shigo: "Mara lafiya ta warke. Aikinki yana nan, ko waƙafi bai ɓata ba. Kin ga na koyi cewa ki."

Ta amsa: "Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Saura ka koyi cewa Mac ta fi kyau."

"Kyau kam, na riga na ga wadda ta fi ta ranar Asabar."

Ta kifa wayar a ƙirji tana murmushi.

Wata shida suka yi a haka. Ya zama Injiniyana, ta zama Shafa tawa. Tafiya daga unguwarsu Edmonton zuwa Deptford mai cin fiye da awa guda ta koma mata kamar leƙa maƙwabta.

Da ta kai maganarsa gida, mahaifinta Alhaji Uwaisu ya saurare ta har ƙarshe. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mai magana a hankali, kuma tun rasuwar mahaifiyarta, Hajiya Zarah, shekara biyu da suka wuce, su biyu kaɗai suka rage a gidan.

"Ban ce yaron banza ba ne," ya ce. "Amma ban san gidansu ba, ban san wanda zan tambaya ba. Ga Affan, likita, ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi."

Affan ɗan aminin Abba ne, kuma ba shi da laifin komai. Da ƙaramar Sallah ya zo gaisuwa da sabuwar Mac a kwali, ya ce, "Baba, waccan tsohuwar laftof ɗin taka ta gaji, minti goma take yi kafin ta tashi."

Gaskiya ya faɗa. Amma abin da ke cikin tsohuwar ya fi ƙarfin a saya. Lokacin da Abba yake ɗalibi a London, Mama tana Kano, kaset take ɗaukar muryarta a ciki ta ba matafiya su kawo masa. Goma sha bakwai ne. Shekarun baya aka juye su a tsohuwar laftof, daga baya danshin gidan ya lalata kaset ɗin aka zubar. Kowace Juma'a bayan la'asar Abba yakan rufe ƙofa ya saurari guda ɗaya.

Da Abba zai tafi Umara ya ce mata, "Ki mayar min da maganar mamanki cikin sabuwar. Tsohuwar kuma ki yi yadda kika ga dama da ita."

Shafa'atu ta ji daɗi, don ta ga hanyar da za ta haɗa sunan Fawaz da wani abin alheri a kunnen Abba. Ta kunna tsohuwar, ta ga folda mai suna Zarah a fuskar allo, ta ja ta zuwa fulas, ɗan abin nan na ajiye bayanai. Cikin ƙiftawar ido aka gama. Ko kaɗan saurin bai ba ta mamaki ba. Washegari ta kai wa Fawaz laftof ɗin don ya haɗa da waɗanda yake aikawa Kumasi.

Da yamma ya rubuto: "Shafa tawa, kafin in goge, kin buɗe abin da kika kwafa kin ji yana aiki? In na goge, ba mai iya dawo da shi, ko ni. Ko in yi miki backup, in ajiye kwafin komai tukuna?"

Tana cikin bas, tana sauri zuwa lacca. Ta rubuta: "Na kwashe komai, na duba. Goge kawai, Injiniyana."

Ba ta duba ba. Wannan saƙon ta fi karantawa a rayuwarta, daga baya.

Abba ya dawo bayan mako uku. Juma'ar farko ya sa fulas a sabuwar kwamfuta, ya danna, ba abin da ya buɗe. Suka ɗauka rashin jituwar Mac da Windows ne, aka kira Affan. Ya duba, ya sake dubawa, sannan ya cire tabarau.

"Baba, wannan ba foldar ba ce. Shortcut ne, alama ce kawai mai nuna inda foldar take a cikin waccan kwamfutar. Ina tsohuwar?"

Tsohuwar tana Kumasi, an goge ta tas.

Abba ya juyo gare ta. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar jana'iza. "Shi mai gyaran, bai duba ba kafin ya goge?"

Ta ji kanta tana cewa, "Ya ce zai duba, Abba."

Kalma biyar. Da su ta tsira, da su kuma ta jefa shi.

Abba bai yi faɗa ba. Ya kira Fawaz a gabanta, ya sa wayar a sifika. "Sana'arka ce, kai ka san abin da ita ba ta sani ba. Ka shafe min muryar matata. Kada in ƙara jin sunanka a gidana."

Tana jira Fawaz ya ce akwai saƙon da ta aika masa.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba," in ji Fawaz. "Da hannuna na goge. Ka yafe min."

Wata uku suka biyo baya, mafi muni a rayuwarta. Maganar ta zaga masallaci, ta shiga guruf ɗin 'yan Arewa, mutanen da suka saba kai masa gyara suka koma wani wuri. Fawaz bai kira ba, bai rubuto ba. Ita kuma kullum sai ta fara rubuta "Ka yafe min", ta goge. Ranar Juma'a takan ji Abba a ɗaki yana danna alamar nan, ko za ta buɗe.

Da aka sa ranar da iyayen Affan za su zo neman aure, ta kasa haƙuri, ta tafi Deptford. Kantar gyara ta yi fayau, shi kuma ya rame.

"Me ya sa ba ka nuna masa saƙon ba?" ta ce, hawaye na zuba.

"Mutumin ya rasa matarsa sau biyu, Shafa. In sa ya rasa 'yarsa a rana ɗaya?"

"To ni fa? Ba ka ji haushina ba?"

"Na ji. Har yanzu ina ji." Ya ci gaba da goge wani allo da ba shi da datti. "Ni ma da laifina, kamata ya yi in yi backup ɗin ba sai na tambaye ki ba. Amma ba zan zo gidanku a matsayin wanda aka yi wa afuwa kan abin da ba haka ya faru ba. Kuma ba zan tona ki ba. Maganar tana hannunki."

Washegari da safe Abba yana shan shayi, ta durƙusa a gabansa, ta miƙa masa wayarta a buɗe. Ya karanta tambayar Fawaz, ya karanta amsarta. Ya sake karantawa.

"Ni ce, Abba. Ya tambaye ni, na ce na duba. Ban duba ba. Kuma na yi maka ƙarya."

Ya ajiye wayar a hankali, ya tashi ya shiga ɗaki. Kwana tara bai ce mata komai ba sai amsa gaisuwa. Ta yi kukan Mama sabo, ta yi kukan kanta.

A rana ta goma ya fito da babbar riga da hula, ya ce, "Ɗauko lema. Ki nuna min shagon."

Jirgin ƙasa biyu da bas suka hau. Fawaz na ganinsu ya zabura ya durƙusa. Abba ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi.

"Ni ya kamata in durƙusa. Na ci mutuncinka a gaban jama'a, kuma a gaban jama'a zan gyara, ranar Juma'a in Allah ya kai mu." Ya dubi kantar da ta yi fayau, ya sunkuyar da kai. "Na ce ban san wanda zan tambaya game da kai ba. Yanzu ba na bukata. Kana da babba a garin nan?"

"Akwai kawuna, Wahabu, a Croydon."

"Ka ce ya zo ya same ni."

Abba da kansa ya je gidan su Affan ya ba da haƙuri. Affan ya turo mata saƙo guda: "Allah ya sa haka ya fi alheri. Ki riƙe shi da kyau." Ta karanta, kunya ta rufe ta, don shi ma ta ɓata masa lokaci.

Muryar Mama ba ta dawo ba. Fawaz ya sa aka dawo da laftof ɗin daga Kumasi, ya yi mako biyu a kanta, bai samu ko daƙiƙa ɗaya ba. Ranar da ya faɗa wa Abba, tsohon ya ce, "Ka yi aikinka da kyau ke nan," ya juya fuska ga taga. Shafa'atu ta san wannan ramin ita ta haƙa shi, kuma ba ranar da zai cike.

An ɗaura aure wata Asabar a masallacin unguwarsu, 'yan Kano da 'yan zango sahu ɗaya. Tana gida cikin mata, lalle bai gama bushewa a hannunta ba, saƙo ya shigo: "An shafa fatiha. Sannu, matata."

Da la'asar Abba ya riƙo hannunta har bakin mota, inda Fawaz yake tsaye cikin farar shadda.

"Ga ta nan," ya ce. "Ka rufa mata asiri tun ba ta zama taka ba, ba sai na ce maka komai ba." Ya juyo gare ta. "Ke kuma na yafe miki, duniya da lahira. Ki daina kallona da idon mai laifi, ya isa haka."

Ta faɗa jikinsa tana kuka, ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya ɗora hannunta a cikin na mijinta, ya riƙe su duka biyu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa ku tsufa tare."

Fawaz ya ce amin, ya buɗe mata ƙofa.