Motar Sabulu a Hanyar Zugurma

Ni Khalilu, duk Kontagora babu direban da ya kai ni taurin zuciya. Ku tambayi 'yan tasha. Kullum a teburin mai shayi sai sun roƙe ni labarin hanyar Zugurma, ni kuwa ba na rowar baki.

Motar talla nake ja, ta wani kamfanin sabulu. A jikinta an manna hoton wata mata tana murmushi, haƙora fes, sabulu a tafin hannu. A sama lasifika, magana ɗaya take nanatawa: "Jama'a ku fito! Na kusa da na nesa, kowa ya zo ya karɓi nasa!"

Tsoffin direbobi suna da doka: rana ta faɗi, a kashe lasifika. Ba a kiran jama'a da almuru a daji, don ba ka san wa zai amsa ba. Ni na ce tsufa ne ke damunsu.

Ran nan na taso daga kasuwar Zugurma rana ta yi ja. Na bar lasifika tana ta kira.

Ina wuce gonar ƙarshe, injin ya mutu a gindin wata tsamiya. Fitila ta ɗauke. Lasifika ba ta ɗauke ba.

Na fizge waya. Tana kira.

Kwaɗi suka yi tsit. Wani ƙauri ya shigo ta taga, kamar ana babbaka gashi. Sai takun ƙafafu a ciyawa. Da yawa. Ba sa sauri. Jeruwa suke yi, kamar masu layin karɓar kaya.

Na leƙa madubin gefe. Matar hoton ta karkato da ido, ni take kallo.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, can ƙasa, daidai gwiwa.

"Mai mota," wata murya ta raɗa. "Mun zo."

"Wa ya kira ku?"

"Kai ne. Ba mu namu."

Daga nan, yadda na saba ba da labarin, na daka musu tsawa, na ja Ayatul Kursiyyu, na murza makulli, na kawo motata har gareji ko gezau. Shaida kuwa, da asuba maigadi ya ganta a mazauninta. Tun ranar lasifikata ba ta kai la'asar a kunne. Na ce musu batir nake tattali.

Jiya ina cikin ba da labarin a teburin mai shayi, wani dattijo a ƙarshen benci ya ajiye kofi. Andarawus ne, manomi daga wajen Zugurma, ya kawo gyaɗa kasuwa. Wallahi ban lura da shi ba.

"Direba, ba kai na zaro daga rumbuna da safe ba? Takalmi ƙafa ɗaya, kana kiran innarka? Ai matata Salome ce ta wanke maka wando."

Tebur ya kwashe da dariya. Na cusa fuska a kofi, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai shayi ne kaɗai bai dara ba.

"Tsaya, Baba. In a rumbunka ya kwana, wa ya kawo motar gareji?"

Andarawus ya ɗaga kafaɗa.

"Oho. Mun dai ji wucewarta, babu ƙarar inji. Tana tafiya tana kira: Khalilu, fito ka karɓi naka."