Sai An Tafasa Askar

A wani gari, can da daɗewa, wanzami yakan aske 'yan makaranta duka da aska ɗaya. Wata uwa ta riƙe ɗanta, ta ce, "Sai an tafasa askar."

Wanzami ya ce, "Haba baiwar Allah! Askar kakana ce, ba ta taɓa ganin ruwan zafi ba."

Ta ce, "Ai shi ya sa. Sai an tafasa."

Maƙwabta suka ce, "Miya za ki yi da ita?"

Ta ce, "Sai an tafasa."

Yaron ya tafi makaranta da sumarsa, ana ta yi masa tsiya. Ba a jima ba makero ya bi kawunan yara, ban da mai suma. Wanzami ya ce iska ce ta kawo shi. Amma da ya dawo, sai ga shi da 'yar tukunya. Wai ta kunu ce.