Akram Ɗan Halima Sadiya

Dutsen farko ya faɗo ne ana tsakiyar kiran sallar magariba. Amarya tana tsugune a bakin murhu tana kwashe tuwon dawa, 'yarta Mu'mina tana kora kaji akurki, sai suka ji ƙwal a kan kwanon ɗakin da ke jikin zaure. Amarya ko kai ba ta ɗaga ba. Yaran Angwan Iya ta Keffi da jifa, ai sai haƙuri. Wani ya sake faɗowa, wani ya bi shi, duk a kan ɗaki ɗaya, a hankali, kamar mai sallama yana jiran a amsa masa. Mu'mina ta leƙa waje ba ta ga kowa ba. Da ta ɗauki dutse ɗaya da ya gangaro tsakar gida, sai ta yar da shi da sauri, ta ce, "Inna, da ɗumi, kamar ƙwan da kaza ta saka yanzu."

Ɗakin na Akram ne, ɗan farin Amarya. Shekaru da dama ke nan da ya tafi sarin doya wajen Loko, kwale-kwale ya kife da su a Binuwai. An tsamo waɗanda aka tsamo, shi ba a gan shi ba. Mutane sun zo gaisuwa, Amarya ta tsaya a bakin ƙofa ta mayar da su. Ba ta ga gawa ba, don haka ba ta da mamaci. Mijinta ya rasu da wannan baƙin cikin, ita kuwa kullum sai ta share ɗakin ta kaɗe katifa. Da yake ɗan fari ne, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, kowa ya san wanda take nufi.

Irin wannan zuciya macuci yake nema, kuma ya same ta. Da damina wani mutum ya yi sallama, fes da shi, da baƙar kwat da jakar takardu, ya ce sunansa Barista Lawal, aikinsa fito da 'yan ƙasa da ke tsare a Kamaru. Ya ce masunta ne suka ceci Akram, suka haura da shi, aka kama shi babu takarda. Ya faɗi tabon da ke gwiwarsa, ya faɗi yadda yake son miyar kuka da man shanu. Duk abin da ya faɗa mai shayin bakin layi ma ya sani, amma wanda ya daɗe da ƙishi ba ya duba tsabtar ƙwarya. Amarya ta buɗe masa ɗakin da ba ta taɓa bari kowa ya kwana ciki ba. Ya ci, ya sha, yana kiranta Inna da bakin da Allah zai tambaya. Abin da ya kwasa na dukiya ba shi ne labarin ba.

Ranar da zai tafi ya nemi abu biyu. Rigar Akram, wai don ya sa ta ranar fitowa, da kuma sunan Amarya na yanka, wai hukumar can ba ta sakin mutum sai da sunan uwarsa. Tun ranar da aka kawo ta gidan ake ce mata Amarya, har furfura ta cim mata, har sunan gaskiyar ya ɓace a unguwa. Ita kanta ta san abin da kakanni suka faɗa, ba a ba baƙo sunan uwa, don da shi ake kira, da shi ake ɗaurewa. Ta sani sarai. Ta sunkuyar da kai ta faɗa masa.

Bayan tafiyarsa ne jifan ya fara, kuma wata da watanni bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja, gidan sai ya yi tsit, kaji su shige da wuri, hayaƙin murhu ya ƙi tashi sama. Samarin unguwa sun hau katanga sun yi gadi, duwatsu suna wuce kawunansu ba su ga hannun da ya jefo ba. Daga baya aka fara jin ana jan ƙafa a ɗakin da yake kulle, ana zama a kan katifa har ta yi ƙara. Masu sayen ƙuli-ƙulin Amarya suka ɗauke ƙafa.

Maƙwabciyarta Martina, tsohuwar malamar firamare, 'yar asalin Agwada, ba ta gari lokacin da baƙon ya zauna. Da ta dawo, Mu'mina ta nuna mata hotonsa a waya. Martina ta dafe ƙirji.

"Wane barista? Maman Mu'mina, wannan ai Fasto Jethro ne! A Agwada ya zauna gidan wata gwauruwa, ya yi wa'azi har mutane suna kuka, ya gudu da kayan coci. An ce kafin nan soja ne a wani gari. Wallahi shi ne, ga haƙorinsa nan a hoton."

Amarya ta ce, "Mutum da mutum suna kama, Malama."

Ba barista take karewa ba. In mutumin nan maƙaryaci ne, to yaron nan ya koma ƙarƙashin ruwa, ita kuwa ba za ta mayar da shi can da hannunta ba. Martina ta gane, ta tafi tana girgiza kai.

Wata Laraba da almuru jifan bai zo ba. Shirun ya fi jifan nauyi. Amarya ta idar da salla ta waiga, sai ta ga ƙofar ɗakin a buɗe, kwaɗon yana rataye bai karye ba. Mu'mina tana zaune a kan katifar, ta harɗe ƙafa irin zaman maza, idonta a buɗe amma ba ya ganin kowa. Yarinyar da ko ƙadangare ke firgita ta. Uwar ta kira ta, sai wata murya mai kauri ta fito daga ƙirjin yarinyar, a hankali, ta ce, "Na gaji da sallama. Na shigo."

Daga ranar Mu'mina ba ta ƙara cin abinci ba sai ruwa. Da rana ta kwanta kamar tsumma, da magariba ta tashi zaune, ƙarti ba sa iya ɗaga ta. Wuyanta ya zama sili. Amarya tana kallon 'yar da ta rage mata tana ƙarewa a kan katifar ɗan da take jira.

Martina ce ta ɗauki mayafi ta je har gidan Malam Abubakar Sadiq, dattijon da ake kira in abu ya gagara, wanda ba ya duba, ba ya karɓar zakara. Ya zo da la'asar sakaliya da tasbaha kawai. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya jira rana ta faɗi, ya yi salla, sannan ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi, har Mu'mina ta fara rawar ɗari, ta toshe kunne, ta yi wani gurnani da ya sa Martina ta kama hannun Amarya.

Malam ya ce, "Wane ne kai, me kake nema a jikin baiwar Allah?"

"Haƙƙina nake nema. Ina Akram ɗan Halima Sadiya?"

Martina ta duba hagu da dama, don ba ta san mai wannan suna ba. Amarya kuwa, da jin sunanta na yanka, ta zame ta zauna a ƙasa.

Muryar ta ci gaba, ba gaggawa. Ta ce shi aljani ne, a duwatsun bayan Gitata yake zaune, shi da zuriyarsa, tun kafin a yi hanyar mota. Wani ya zo masa da rigar da ke ɗauke da gumin mai ita, ya ce shi ne Akram ɗan Halima Sadiya. Ya nemi a sa masa zaƙi a harshe, duk wanda ya ji maganarsa ya yarda. Aka ba shi. Shi kuma mutumin ya yi alkawarin ɗakinsa a Keffi, da ƙanwarsa.

"Na cika nawa. Ga ɗakin, ga ƙanwar."

Malam ya ce, "An yaudare ka. Wanda ya zo maka ba shi ne mai sunan ba, kuma ko shi ne, ɗan'uwa ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Ka ji tsoron wanda ya halicce ni da kai."

Can muryar ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce wani daga cikin danginsa ya taɓa ba shi labarin wani Victor ɗan Judit da ya yi musu irin wannan, da aka bi sawu aka tarar da wata tsohuwa makauniya da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

"Ashe shi ne. Ɗan Adam ya iya cuta."

"To ka bi shi, ka bar yarinya."

"Da wane suna zan bi shi? Ba shi da nasa. Mu suna muke riƙewa, ba fuska ba. Sunan da aka ba ni a gidan nan yake. Ko mai shi ya zo ya ƙaryata da bakinsa, ko in zauna."

Malam ya koma karatu, ya matsa, har yarinyar ta riƙa birgima jini yana fita ta hancinta. Sai ya dakata, don ya ga wutar da yake hurawa jikin Mu'mina take ci kafin ta kai ga wancan. Ya share gumi ya ce, "In mai sunan ba ya raye fa?"

"Mamaci ba ya ƙulla alkawari. In haka ne babu komai tsakaninmu. Amma ban ga an yi zaman makoki a gidan nan ba. Na ga ana share ɗaki ana jira. Uwar ta faɗa, ta kama sunansa, ta yi masa addu'ar matattu a gabana. Sai in tafi, ba zan waiwayo ba."

Malam bai ce wa uwar ta yi ba, bai ce kada ta yi ba. Ya juyo ya dube ta kawai. Amarya ta rarrafa har bakin katifar. Tsoro ya bar ta, abin da ya rage ya fi tsoro ciwo. Ta dubi fuskar 'yarta, ta yi wa wanda ke ciki magana.

"Kai da kake yawo ƙasa da ruwa, don Allah gaya mini. Ya mutu ne?"

"Ban sani ba, tsohuwa. Da mun san gaibu da ɗan iska bai cuce ni ba."

Ko wannan ba a ba ta ba. Ta zauna tana kallon wuyan Mu'mina, jijiyar tana bugawa a hankali kamar ta ɗan tsako. Shekarun nan duka ta yi faɗa da unguwa, da dangi, da mijinta har ya shiga kabari, don kada kalmar nan ta fito. Sunan da ta ɓoye a bakinta tun tana yarinya mai jego, tana jin daɗinsa ita kaɗai, yau ne za ta fara faɗinsa.

Ta ce, "Akram. Allah ya jiƙan Akram. Ɗana ya rasu."

Mu'mina ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ta sulale a kan katifar. Wata iska ta bi ta zaure ta fita, ƙofar langa-langa ta buga. Can yarinyar ta buɗe ido ta ce da muryarta, "Inna, yunwa nake ji." Martina ta fashe da kuka. Amarya ta tashi ta hura wuta, idonta a bushe.

Da gari ya waye ta sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutanen da ta kora shekarun baya suka dawo ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi sun ƙara tsufa, wasu sai 'ya'yansu. Suna cewa Allah ya jiƙansa, tana cewa amin. Kowane amin sai ta ji kamar ita ce take danna kansa cikin ruwa. Shi kuwa mai baƙar kwat yana can wani gari da harshensa mai zaƙi, ba wanda ya jefe shi ko da tsakuwa.

Ana cikin zaman, da yamma, wata matashiya ta sauka daga kan babur da 'yar jakarta, cikinta ya fito. Ta yi sallama cikin kunya, ta durƙusa har ƙasa a gaban Amarya. Ta ce sunanta Jannat, daga Mararraba take. Tana neman gidan surukarta Halima Sadiya, don mijinta Dakta Akram ya fita aiki tun watan jiya bai dawo ba, wayarsa a kashe. Sai ta ga tabarmi, ta ga mata sun yi jugum, ta fara waige-waige.

Amarya ta daɗe tana kallon cikin. Ta matsa mata wuri a kan tabarma, ta riƙo hannunta.

"Zauna, 'yata. Kafin in gaya miki komai, ki faɗa mini gaskiya. Ya taɓa tambayarki sunan mahaifiyarki?"

Jannat ta yi murmushi, ta ce, "Tun ranar farko, Inna. Ya ce addu'a zai riƙa yi mana."