Malam Dogon Bayani

Da faɗa suka fara, a ɗakin malamai, kan tambayar jarrabawa game da wani rubutu a kan bishiyoyi: mece ce babbar manufar marubucin?

"Bayyana amfanin bishiyoyi," in ji sabon malami.

"Haba Malam!" Malama ta buga jan bironta a tebur. "Roƙo yake a daina sarewa. Duba inda kowane sakin layi yake komawa."

Ya duba takardar, ya dube ta. Tun ranar ya sa mata suna Jan Biro, ita kuma ta sa masa Dogon Bayani. Kafin zangon karatu ya ƙare, soyayya ta kama su.

To amma mutumin nan akwai kwana-kwana! Ya yi ta zuwa gaishe da mahaifinta, ya zauna ya yi zancen ruwan sama, da tayar babur, da hayaniyar ɗalibai, ya tashi ya tafi.

Ran nan Baba ya kira ta. "Yaron nan bai zo da magana ba. Ɗan abokina, mai kemis, ya fito fili ya ce yana sonki. Shi zan ba wa."

Ranta ya ɓaci matuƙa. "Baba, ka tuna hirarsa mana. Ruwan sama, ya tambaya ko ina da lema. Babur, ya ce zai riƙa kawo ni gida. Kowace magana a kaina take ƙarewa. Ai manufar ke nan!"

"Ni ba ɗalibinki ba ne. Ya faɗa da bakinsa."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa malamin: "Malamin da ke koyar da gano manufa ya kasa faɗin tasa! Za a ba da ni. In ka sake zancen taya gobe, kar ka ƙara kirana."

Ya amsa: "Jan Birona, kunya ce wallahi. Ina tafe."

Washegari ya durƙusa gaban Baba, gumi sharkaf, tana laɓe bayan labule.

"Baba, yau garin da zafi..."

Ta yi gyaran murya mai ƙarfi.

"Ina sonta. Aurenta nake nema. Iyayena na tafe."

Baba ya yi dariya. "Ashe kana da baki."

Ranar ɗaurin aure aka yi ta sa musu albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Da aka ce ango ya yi jawabi, amarya ta aiko ƙawarta da saƙo: jimla ɗaya tak.