Dawar da Aka Binne

A wani zamani, wani manomi mai ji da wayonsa ya kafa bukka a fili, inda ciyawa ta fi mutum tsawo. Bayan sujadar Lahadi, maƙwabcinsa Barnaba ya roƙe shi irin dawa.

"Ni da iri? Haba ɗan'uwa, ka cuce ni da zato!" Manomin ya koma ya binne buhun irinsa.

Da ruwa ya sauka ya tono, ashe gara ta cinye. Ya tona nan, ya tona can, yana "Ya Yesu, me 'ya'yana za su ci bana?"

Sai ga Barnaba da ƙwarya. "Tunda ba ka da shi, na roƙo mana wajen surukina. Ga rabinka."

Manomin ya karɓa.